Katin Hoton da Imrana Ya Tsaya Jira

Akwai wani saurayi a nan unguwar Kilomita Biyar ta birnin Bangi, ta bayan layin masu sayar da waya, sunansa Imrana. Yana da ɗan shagon wasan kwamfuta. Kwamfuta ɗaya ce babba, da makeken talabijin a bango, da benci uku, da abin riƙewa guda huɗu da samari ke kira manet. Sai su zauna su yi ta buga ƙwallo a cikin gilashi, suna ihu kamar da ƙafarsu suke bugawa.

Ni ba na yabon wannan sana'a. Amma gaskiya ɗaya ce, duk wanda ke zaune a bencin Imrana, uwarsa ta san inda yake.

A cikin kwamfutar akwai wani ƙarfe mai fanka a jiki, shi ke fito da hoto. Samari na ce masa kart girafik, mu kuma katin hoto. In babu shi, irin injin Imrana ko ɗigon haske ba ya nunawa. Nasa ya tsufa. Yana aiki, sai dai in wasa ya yi zafi hoton ya riƙa tsinkewa, 'yan ƙwallon su riƙa tafiya kamar masu ciwon gwiwa.

Imrana yana da ƙane, Uwaisu, ɗan shekara ashirin da ɗaya, yana haya da babur. Yana da kirki, amma zuciyarsa a kusa take. Da ya ajiye babur bayan la'asar, shagon yayansa yake nufa. A duk layin babu mai cinsa a wasan nan.

Mahaifinsu ya rasu. Mahaifiyarsu Ummuhani, da suke kira Dada, ta ga yadda gari ke ta ƙananan maganganu a shekarar, sai ta kira Imrana tsakar gida.

Ta ce, "Ka san halin ƙanenka. Duk ranar da gari ya ɓaci, ka riƙe mini shi a shagon nan. Ban ce ka ɗaure shi ba. Ka kunna masa abin nan naku kawai, ya zauna."

Ya ce, "Dada, wannan ai mai sauƙi ne. Uwaisu ko da bulala ba ya tashi daga bencin nan."

Bayan kwanaki kaɗan wani ɗan kasuwa mutumin Maraɗi, Baba Ja'afaru, ya sauka daga Duwala da kaya. Dattijo ne, ya san mahaifinsu. Ya shigo shagon da kwali biyu a hammata, ya ɗora a kan benci.

Ya ce, "Ga saƙonka. Biyu na samu, duka manya. Wannan mai jan kwali ya fi ƙarfi, amma yana shan wuta, yana zafi. Wannan koren ya fi sanyi, batirin solarka zai ɗauke shi ba wahala. Zaɓi guda."

Imrana ya juya wannan, ya juya wancan. Ya ciro waya yana dubawa. Can ya taɓe baki.

"Baba Ja'afaru, ai waɗannan na bara ne."

"Kai ma na bara ne, ga ka nan kana aiki."

Samari suka kwashe da dariya. Imrana bai yi ba.

Ya ce, "Sabo zai fito wata mai kamawa. Na gani a waya. Ya ninka waɗannan biyun a haɗe."

"A ina zai fito?"

"A Turai mana."

Dattijon ya ce, "Daga Turai sai Duwala, daga Duwala sai bakin iyaka, daga iyaka sai nan. Ka san shinge nawa ne a hanyar nan? Ni jiya na ratso su. Masu bindigar da na gani a daji ba su yi mini kama da masu shirin komawa gida ba."

Uwaisu ya sa baki. "Yaya, ɗauki koren mana. Wallahi jiya ina gab da zura wa Idi ta uku hoton ya tsaya cak."

Idi abokin wasansa ne, yana gefe. Ya ce, "Ƙarya kake, ita ɗan'uwana. Allah ne ya rufa maka asiri."

Imrana ya daka wa ƙanensa tsawa. "Kai me ka sani? Haƙuri ake yi. Ni zan fara kawo sabon nan Bangi. Ba zan sayi abin da gobe za a ce ya tsufa ba."

Haƙuri ya kira shi. Ku riƙe wannan da kyau, don ba haƙuri ba ne. Mai haƙuri yana riƙe da abin da Allah Ya ba shi yana jiran na gaba. Shi kuwa so yake a nuna shi da yatsa a ce ga wanda ya riga kowa.

Da ya tsaya a nan, da sauƙi. Amma ranar da Baba Ja'afaru zai koma Duwala da ayarin manyan motoci, sai Imrana ya ɗauko sukudireba ya buɗe kwamfutar. Ya kwance tsohon katin, ya naɗe a leda, ya miƙa masa.

"Ka sayar mini da shi can, a cika a sayi sabon."

Baba Ja'afaru ya ƙi karɓa. "Bar shi a ciki har in dawo, ɗana. Shagon da me zai yi aiki?"

"Sati biyu ne fa. In sabon ya fito, wannan ko kyauta ba mai karɓa."

"In sati biyun suka zama wata biyu fa?"

"Baba, kai dai ka cika tsoro."

Dattijon ya karɓa ba da son ransa ba, ya sa ledar a jaka. Ya tafi da ita, ya tafi da kwalayensa biyu. Imrana ya rubuta da alli a ƙofar shago cewa an rufe, babban abu na nan tafe.

Ran Alhamis ayarin ya tashi. Talatar da ta biyo baya aka tare hanyar Kamaru. Kafin Juma'a rikicin ya shigo cikin gari.

Wanda bai zauna a unguwar nan a irin lokacin ba, ba zai gane ba. Ba a rufe mu da ƙofa ba, amma kowa ya san inda ƙafarsa za ta tsaya. Ka wuce gadar Yakite, ba ka san ko za ka dawo ba. Rabin kasuwa a kulle. Albasa ta ɓace, sukari ya ɓace. Maza na zaune a gindin shaguna kowa da rediyo a kunne. In an ji ƙarar harbi sai a yi tsit, a lissafa daga wane gefe ta fito, sannan a ci gaba da zama. Gari ya waye, rana ta faɗi, babu inda za ka.

Babura duk aka jingine su. Wa za ka ɗauka, ina za ka kai shi?

Kwanakin farko Uwaisu yakan shiga shagon ya zauna a bencin gaba. Ya ɗauki manet ya riƙa daddannawa, yana kallon baƙin gilashi. In ya gaji ya ajiye ya fita bakin ƙofa. Ya koma ciki. Ya sake fita.

Imrana ya bi masu gyaran waya da masu gyaran rediyo ɗaya bayan ɗaya yana neman ko wane irin kati, ko na shekara goma. Wani ya tono masa ɗaya a ƙarƙashin tarkace. Ya sa shi, ya kunna, sai ƙauri da hayaƙi. Ya kira Baba Ja'afaru a waya.

Dattijon ya ce, "Muna nan bakin iyaka, motoci sun fi ɗari, ba gaba. Sabon naka ma sai jiya ya sauka Duwala, na ce a aiko mini nan."

"Koren nan fa, Baba? Ko jan?"

"Na sayar tun a hanya. Ai ka ce na bara ne."

A bakin layi kuwa samari sun tara tayoyi da tsofaffin firji sun yi shinge, suna ce masa bariya. Wai gadin unguwa suke. Wasu da gaske suke, wasu kuwa rashin abin yi ne ya kai su. Idi na cikinsu. Wata rana da hantsi ya leƙo shagon.

"Ita ɗan'uwa, kana nan kana zaman takaba a gaban talabijin? Taso mu je bariya ka sha shayi."

Uwaisu ya dubi yayansa. "Shayi kawai zan sha in dawo."

Ya sha ya dawo. Kashegari ya je bai dawo ba sai magariba. Rana ta uku aka ce ya kawo baburinsa, ana buƙatar mai kai saƙo daga wannan shinge zuwa wancan. Kafin sati ya cika, ya fara shigowa gida da jan ƙyalle ɗaure a damtse, yana magana da ƙarfi, ba ya haɗa ido da kowa.

Da safe Dada na tankaɗe, Imrana ya zo gaishe ta. Ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Ina amanata?"

"Dada, hanya ce aka rufe. Da ba a..."

"Hanya ce ta ɗauki sukudireba? Hanya ce ta naɗe shi a leda?"

Ta buga rariya, ta ci gaba.

"Abu ɗaya na roƙe ka. Ban ce ka kawo mini na Turai ba. Je ka dawo mini da ɗana."

Ya tafi bariya. Ya tarar da Uwaisu zaune a kan taya, Idi na nuna masa wata bindiga ƙirar gida, bututun ruwa ne aka ɗaure a jikin katako da waya.

Imrana ya ce, "Uwaisu, taso mu je gida. Dada na kira."

"In je in yi me, Yaya? In kalli fuskata a gilashinka?"

"Katin yana hanya."

"Tun yaushe yake hanya?"

Idi ya yi dariya. "Patron mai shago, yeke-yeke, sannu a hankali. Ai haƙuri ake yi."

Sauran suka bushe da dariya. Imrana ya kama hannun ƙanensa, Uwaisu ya fizge. Bai taɓa yi masa haka ba. Imrana ya tsaya a rana har inuwa ta gajarta, sannan ya juya shi kaɗai.

Kullum sai ya je. Kullum haka yake dawowa.

Ranar wata Juma'a, ana shirin masallaci, aka ji ƙara a bakin layi. Ba kowa ya kawo hari ba. Gardama ce ta tashi a kan ko bindigar nan tana tashi ko ba ta tashi, Uwaisu ya ce a ba shi ya gwada. Ta fashe a hannunsa na dama.

A baro aka turo shi. Imrana ne ya tura, yana gudu yana kiran sunansa. Ƙaramin asibitin unguwa aka kai shi. Ma'aikacin ya duba hannun ya girgiza kai.

Ya ce, "Da za a kai shi babban asibiti yanzu-yanzu, wataƙila a ceci babban yatsan. Ni nan ba ni da kayan aikin."

Babban asibiti yana ƙetaren gada. Imrana ya fita ya roƙi mai mota, ya roƙi mai babur, ya durƙusa wa wani. Kowa ya kawar da kai. Ba mugunta ba ce, kowa na da 'ya'ya. Ya dawo ya zauna a dandamali, rigarsa duk jini, yana jin ihun ƙanensa ta taga.

Babban yatsa ya tafi, da manuni, da na tsakiya. Hannun da yake murɗa totur ɗin babur ke nan. Hannun da yake cin kowa da shi a wasa.

Dada ta zo ta zauna a gefen gadon tana yi masa fifita. Ko kallon Imrana ba ta yi ba. Da ta zage shi, da ya fi jin sauƙi.

Sai bayan wata biyu da 'yan kwanaki hanya ta buɗe. Motoci suka shigo, yara na binsu da gudu. Baba Ja'afaru ya sauko ya rame, ya yi baƙi. Ya zo gidan da kwali a hannu, mai ƙyalli, da rubutun zinariya. Ya ga hannun Uwaisu a naɗe. Ya yi salati, ya ajiye kwalin a ƙasa.

Imrana ya kwana uku bai taɓa kwalin ba. A na huɗu Uwaisu da kansa ya ce, "Yaya, ka sa shi mana. Ai saboda shi aka yi komai."

Ya sa shi. Ya kunna. Hoton ya fito tar, har ciyawar fili ana gani ɗaya-ɗaya, har gumin da ke goshin 'yan ƙwallo. Ko sau ɗaya bai tsinke ba. Samari suka cika shagon har bakin ƙofa.

Imrana ya ɗauki manet ya miƙa wa ƙanensa kafin kowa. 

Uwaisu ya karɓa da hagu. Ya ɗora a gwiwa, ya kai hannun dama, ya tura maɓallin da gefen tafinsa. Ɗan wasansa ya yi gudu ya fita fili da ƙwallo. Ya sake gwadawa. Ya sake fita.

Ya ɗan yi murmushi ya ce, "Yaya, hoton ya yi kyau."

Ya miƙa wa na kusa da shi, ya tashi, aka buɗa masa hanya ya fita.

Shagon yana nan har yau, kuma ana cika shi. Uwaisu bai sake shiga ba. In zai je masallaci, ta ɗaya layin yake zagayawa.

Darasi: Ba kowane jira ne haƙuri ba, wani jiran girman kai ne. In abin hannunka yana biya maka buƙata, kada ka rabu da shi saboda wanda ka gani a waya, balle in akwai wanda ya dogara da shi. Kuma in an ba ka amanar mutum, ita ce gaba da burinka. Ku tura wa 'ya'yanku da ƙannenku masu cewa sai sabo ya fito, su karanta tun hannuwansu na cike.