Taken Jatau a Bakin Turmi

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Iya.

Wani manomi ne, Jatau. In makaɗin gayya ya buga takensa, garma ke jan sa, ba shi ke jan ta ba. Ran nan aka buga, ya yi noma, ya yi noma, har ya datse saiwar kukar wani aljani. Aljani ya fusata, ya mai da shi gauraka, ya cusa shi cikin garken gaurakinsa.

Matarsa Tabawa ta ɗauki turmi da taɓarya, don tsakiyar daka labari ya same ta, ta tafi gindin kuka.

"Ranka ya daɗe, maigidana nake nema."

Aljani ya ce, "Ga su nan, zaɓi. In kin kuskure, ya bi garke har abada. Sunansa kuwa na cinye, ko kin kira ba zai ji ba."

Ta ce, "Dama ban taɓa faɗinsa ba."

Ta duba. Kai ɗaya, ƙafa ɗaya, tukku ɗaya. Duk kamarsu ɗaya.

Kurciya ta ce, "'Yar uwa, yi masa kari. Kari shi ne hawa da saukar murya, shi ke sa waƙa daɗi." Tabawa ta rera. Gauraki duka suka kama rawa. Dama gauraka ba a roƙon sa rawa.

Kwaɗo ya ce, "Yi mai amshi. Ke ki bayar, shi ya karɓa." Ta bayar. Gauraki duka suka karɓa. Aljani ya yi ta dariya.

Sai turmi ya ce, "Uwar ɗakina, kari na kowa ne, amshi na taro ne. Take kuwa kiɗan mutum ɗaya ne. Kin manta abin da kike bugawa a cikina in yana gona?"

Ashe duk damina, in ta jiyo gangar noma daga nesa, da taɓarya take bin ta, ba wanda ya sani. Ni dai, yara, irin wannan kunne nake so.

Ta ɗaga taɓarya. Dum, da-dum, tas. Dum, da-dum, tas.

Gauraki suka yi cirko-cirko, don ba nasu ba ne. Ɗaya ne kawai ya sunkuya. Ya kafta ƙasa da ƙafa, ya matsa. Ya kafta, ya matsa. Yana ta da kunya kamar mai garma!

Tabawa ta riƙe fiffikensa. "Wannan ne."

Gashi ya zube, sai ga Jatau a sunkuye, gumi na ɗiga. Aljani ya sara mata, ya shige kukarsa.

Jatau ya ce, "Wane makaɗi ne wannan? Ban taɓa jin wanda ya kama takena haka ba."

Ta ce, "Ɗauki turmin, mu je gida."

Wanda ya saurare ka tun ana lafiya, shi zai gane ka ran da kama ta ɓace.

Ƙurunƙus kan ɓera. Wanda ya yi gyangyaɗi, gobe ya tambayi gauraka.