Tsuntsun da Aka Ce an Datse wa Fukafukai

A zamanin da, a wata masarauta ta bakin teku, wani madugu mai suna Cindo ya dawo daga fataucin kudu mai nisa, ya kawo wa Sarki gaisuwar wani tsuntsu, irin wanda mutanen yanzu ke kira fengwin. Bayansa baƙi, cikinsa fari, yana tafiya a tsaye yana rangaji kamar dattijo mai ciwon gwiwa. Sarki ya yi murna, ya yafa wa Cindo alkyabba.

Wannan alkyabba ta tsaya wa Waziri Kwasau a rai. Ba a yi mako ba tsuntsu ya fara ramewa, sai Waziri ya faɗi gaban Sarki ya ce, "Allah ya ba ka nasara, an raina mana hankali. Dubi fukafukan nan, ba gashin tashi ko ɗaya. Wata agwagwa Cindo ya datse wa fukafukai, ya kawo wa fada nakasasshiya."

Sarki ya murtuke fuska ya ce, "Cindo, na ba ka zuwa jibi. In ba a tabbatar haka aka halicce shi ba, abin da aka yi wa fukafukansa shi za a yi wa hannuwanka."

Cindo ya fita neman mai ba shi shaida. Abokan tafiyarsa duk suka ƙi ba da shaida, don tsoron Waziri. Daga ƙarshe ya durƙusa gaban Malam Barmo, wani tsohon masani da ya ƙare ƙuruciyarsa a jiragen ruwa. Malam ya ce, "Ɗana, zan je. Amma in tsuntsun ya riga ya galabaita, ba ni da wata hujja."

Ranar da wa'adi ya cika, Malam ya roƙi a yi zaman a bakin tafkin fada, aka zuba ƙananan kifaye masu rai a ciki. Aka ajiye tsuntsu a gaɓa. Ya tsaya, kai a sunkuye, bai motsa ba. Hauni, mai zartar da hukuncin Sarki, ya gyara riƙon takobi. Cindo ya dubi hannuwansa.

Can sai wani kifi ya gilma. Tsuntsu ya faɗa ruwa tsundum, ya buɗe fukafukai yana kaɗa su, yana keta ruwa kamar kibiya, ya fito da kifi a baki.

Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, ga tashinsa nan. Shafa fiffiken, ba tabon wuƙa. Kakanninsa na farko a sama suke tashi, amma abincinsu na cikin teku. Bisa ikon Allah, zuriya bayan zuriya fiffike ya gajarce, ya yi tauri, ya zama abin tuƙi kamar na kwalekwale. Ruwa mai sanyi na kudu ne mazauninsu. Na je har ƙasashen ƙanƙara na arewa, ban ga ko ɗaya ba."

Sarki ya juya ga mai kiwon tsuntsayen fada ya ce, "To, me ya ramar da shi?"

Mutumin ya zube ya ce, "Madugu ya ce a ba shi kifi. Waziri ne ya hana, ya ce gero kawai."

Nan take Sarki ya sa aka tuɓe rawanin Kwasau, ya naɗa Cindo shugaban fataken ƙasar. Sa'an nan ya ce a mayar da tsuntsu ga danginsa, Kwasau ne zai raka shi, yana kama masa kifi da hannunsa har gaɓar kudu.