Lafiya Lau ta Mutanen Gangare

An yi wani sarki a Birnin Baure mai suna Zubairu, mutum mai haiba da son a ambace shi da alheri, yana da wani dattijon waziri ana ce masa Barau, wanda ya shahara da fasaha wajen tsara mu'amala da maƙwabta. Ƙasarsu a kan tudu take, kogi ya ratsa ta ya sauka wata ƙasa da ake kira Gangare. Tun zamanin mahaifin sarki wazirin nan ya ba da shawara aka datse kogin, bisa hujjar cewa in abincin mutanen Gangare ya koma hannun Baure, ba za su ƙara tunanin yaƙi ba. A madadin ruwan, kowace shekara akan aika musu da ayarin hatsi. Tsohon sarki kuwa ya bar wasiyya cewa duk wanda ya aibata wannan tsari a fada, a tuɓe masa rawani a kore shi daga gari.

Shekara ashirin jakadu suna zuwa suna komowa da amsa guda, wai mutanen Gangare suna lafiya lau. Waziri yakan shafa gemu ya ji daɗi har cikin ransa, don shi dai ya yi imani babu ƙasa mai jin ƙan maƙwabta kamar tasu.

Ran nan sarki ya kira shi gaban majalisa ya ce, "Ya Waziri, wani al'amari ya ɗaure mini kai. Da can mutum ɗari ke zuwa daga Gangare gaisuwar salla, bana uku suka zo, ɗayansu ma sai da aka riƙe shi ya miƙe daga gaisuwa. Yaya mutanen da ke lafiya lau suke ƙarewa haka? Na ba ka kwana arba'in ka zo mini da haƙiƙa."

Waziri ya tafi da kansa. Sarkin Gangare ya karɓe shi da girmamawa, aka yanka masa rago, aka shimfiɗa masa kilishi, duk wanda ya tambaya labarin gari sai ya ce lafiya lau. Saura kaɗan dattijo ya juya da amsarsa a aljihu. Amma da ya ce a kai shi ya ga fadamun da ya sani da shinkafa da albasa, sai masu masauki suka shiga kame-kame, wannan ya ce rana ta yi zafi, wancan ya ce hanya ba kyau. Washegari da hantsi ya hau dokinsa ya fita shi kaɗai.

Bai tarar da komai ba sai rairayi da kangayen gidaje. Can ya hangi wata tsohuwa, Tabawa sunanta, ta tone gidan tururuwa tana sheƙe ƙasar a faifai don ta tsinci 'yan ƙwayoyin da tururuwa suka tara. Ya yi mata sallama daga kan doki ya tambaye ta yaya gari, ta ce lafiya lau. Ya ce ina lafiya ga mai ƙwace abincin tururuwa?

Ta ɗaga kai ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Malam, gaisuwa ka yi, na amsa maka kamar yadda aka koya mini. In tambaya ce da kai, sauko ka zauna."

Ya sauko kuwa. Ta gaya masa yadda kogi ya ƙafe, yadda hatsin Baure ba ya kai su wata biyu, yadda suka cinye irin shuka, 'ya'yanta huɗu suka bi duniya. Ta ce ba ta san wanda ya tare ruwan ba, amma kullum tana roƙon Allah ya nuna masa abin da ya yi kafin ya mutu. Kunya ta kama Barau har ya kasa haɗa ido da ita. Ashe shekara ashirin amsar gaisuwa ake kawo masa, shi kuma da duk iliminsa yana gina siyasar ƙasa a kanta. Ya sauke mata guzurinsa, ya juya yana kuka.

Ya san wasiyya, ya kuma san ba shi da wani gari sai Baure. Duk da haka, ranar da ya shiga fada sai ya warware rawaninsa da hannunsa, ya naɗe, ya ajiye gaban sarki, ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, na hutar da dogarai. Tsarin nan zalunci ne da muka sa wa sunan alheri, kuma ni na haife shi. Mun karɓe musu kogi muna mayar musu a buhu. A kore ni, amma a saki ruwan."

Sarki ya sunkuyar da kai, sa'an nan ya ce mahaifinsa ya yi wasiyyar ne bisa zaton ana kyautata wa mutane, kuma ba ya jin zai so a ci gaba da ɗora masa alhaki yana kabari. Ya sauko ya naɗa wa Barau rawani da kansa, ya ƙara masa alkyabba. Waziri ya roƙi alfarma guda, a bar shi ya fara sara madatsar, sarki ya amince.

Haka aka ga tsoho ɗan shekara saba'in ya naɗe wando yana sara da diga, jama'a na taya shi, har ruwa ya ɓalle ya kwashe masa ƙafa, aka tsamo shi dumu-dumu da laka yana dariya. Da damina ta zagayo aka yi dashen shinkafa a Gangare, biyu daga 'ya'yan Tabawa suka dawo gida.

Masu hankali su lura: adalci ba ya tsayawa a iyakar ƙasa, kuma mai mulkin da ya mayar wa mutane haƙƙinsu ya fi wanda ya riƙe yana yi musu kyauta.