Lodar Garland da Kafaɗar Verna

Akwai wani mai saran bishiyoyi a nan yankinmu na kudancin Indiyana, sunansa Garland Pruitt. In bishiya ta tsufa ta fara yi wa rufin gidanka barazana, shi ake kira. Shekara ashirin da biyu yana hawa da igiya da zarton inji, kuma a faɗi gaskiya ya iya aikinsa. Matsalarsa ɗaya ce: ya san ya iya.

Matarsa Verna ita ce a ƙasa. Duk reshen da ya yanko, ita ke sassauta igiya har ya sauka lafiya, ta kwance, ta ja shi daga bayan gida zuwa bakin titi inda injin niƙa rassa yake. Masu gida kan fito da kofi a hannu su tsaya suna kallon Garland a can sama suna riƙe baki. Ni dai ban taɓa ganin wanda ya tsaya kallon Verna ba.

Da ta haura hamsin, kafaɗarta ta dama ta fara ciwo. Wata safiya suna karyawa sai ta ajiye cokali ta ce:

"Garland, kafaɗar nan fa ta gaji. Ko dai mu sayi loda bana, ko kuma ka nemi wanda zai tsaya maka a ƙasa. Ƙanwata ta daɗe tana cewa in zo in riƙe mata shagon furanni."

Loda ɗan ƙaramin inji ne mai hannu a gaba, yana damƙar gungume ko tarin rassa ya kai inda ake so. Garland ya daɗe yana cewa ba sa buƙata. Amma da ya ji maganar shagon furanni sai gabansa ya faɗi, don bai san yadda ake aiki ba tare da ita ba, ko da yake bai taɓa faɗa mata hakan ba.

"Ranar Asabar za mu je," in ji shi.

Mai sayar da injinan wani dattijo ne, Lonnie Haskett, mutum mara sauri a magana. Bayan sun gaisa ya dube su ya ce:

"To, wa zai riƙa tuƙawa?"

"Ni ne mai saye," in ji Garland.

"Na ji. Amma tambayata wa zai tuƙa."

Garland ya yi kamar bai ji ba. Idonsa ya riga ya faɗa kan wata ƙatuwar loda mai ɗakin direba da gilashi da na'urar sanyaya iska, faɗinta ya haura inci sittin. Lonnie ya ja su gefe ya nuna musu wata siririya, wadda a tsaye ake tuƙa ta daga baya, faɗinta inci talatin da biyar.

Verna ta zagaya ta, ta shafa gefenta, ta ce a hankali: "Wannan ce za ta yi mana. Yawancin gidajen cikin gari ƙofar bayansu inci talatin da shida ce."

Garland ya kwashe da dariya.

"Wannan abin wasan yaran? Haba Verna! In abokaina su Dewey suka gan ni da wannan ai na shiga uku a gidan shayi. Ni nake kallon gidajen nan daga sama kullum, fili ne fetal. Ko'ina akwai hanya."

"Daga sama kake kallo," in ji ta.

"To ai daga sama ake ganin komai."

Lonnie ya sosa ƙeya ya ce, "Ni dai da ni ne, da na saurari mai jan rassan." Garland ya ce ya gode da shawara. Verna kuwa ba mai jayayya da miji a gaban mutane ba ce, sai ta koma mota ta zauna.

Haka aka sayi ƙatuwar. Ya sa aka ɗaura mata babban hannu mai haƙora, aka jera mata fitilu, aka rubuta sunansa a jiki da ruwan zinare. Faifan katakon da ake shimfiɗawa don kada a lalata ciyawar mutane ma bai tuna da su ba.

Ayyuka biyu na farko a gona ne, kuma loda ta yi abin kirki. Ta ɗauki gungumen da mutum huɗu ba za su motsa ba kamar an ɗauki tsinke. Garland baki har kunne, yana leƙowa daga reshe yana cewa, "Verna, ina abin wasan yaranki? Da yanzu tana nan tana nishi!"

Sai aiki ya kai su cikin gari, gidan wata tsohuwa, Misis Tackett. Bishiyar tana can ƙuryar bayan gida, hanyar shiga kuma ƙofa ɗaya ce tsakanin ginshiƙan bulo biyu. Garland ya sauke loda daga tirela, ya matso da ita, ya tsaya. Ko rabinta ba zai shiga ba.

"Madam, ko za mu ɗan cire shingen can gefe?"

"A'a ɗana," in ji Misis Tackett. "Ramin sokawe ne a ƙarƙashin wajen. Wannan dodon naka ya hau, da shi da kai sai a ciki."

"To ginshiƙin nan fa?"

"Marigayi mijina ne ya gina da hannunsa. Ka taɓa ka gani."

Ya juya ya dubi Verna ya ce, "Yau kaɗai ne. Ki yi haƙuri."

Ta sa safar hannu ta kama aiki. Loda ta wuni a bakin titi tana ƙyalli, maƙwabta na ɗaukar ta hoto, Verna na jan rassa ta gabanta.

Ba yau kaɗai ba ne. A cikin ayyuka goma da suka biyo baya, bakwai haka aka yi. Wani gidan ƙofa ce, wani lungu ne tsakanin gareji da katanga, wani kuma mai gidan ya ce ba za a kwarzane masa ciyawa ba. Sau ɗaya Verna ta sake ta da maganar a hanyar gida. Garland ya ce a bari sai ƙarshen kaka a gani. Shi ma ya san ya yi kuskure, abin da ya hana shi faɗa kawai shi ne yadda zai koma ya haɗa ido da Lonnie.

A mako na biyar, a wani gida a bayan makarantar firamare, Verna ta ɗaga gindin wani reshe mai nauyi za ta karkata shi ya wuce ƙofa. Sai ta ji wani abu ya ce ƙas a kafaɗarta. Ba ta yi ihu ba, ta dai zauna a kan ciyawa ta riƙe hannun.

Daga sama Garland ya yi kira, "Verna, igiya!" Shiru. "Verna, igiya mana!" Sai a karo na uku ya leƙo ƙasa.

A asibiti likita ta ce jijiyar kafaɗa ce ta tsinke, kuma da alama ta daɗe tana lalacewa kaɗan-kaɗan. Aka yi aiki, aka rataye hannun, aka ce sai ta yi watanni ba ta ɗaga komai ba.

Akwai sauran aikin gidan da ba a gama ba. Garland ya nemi mai tsaya masa a ƙasa ya rasa, don lokacin kowa na da aiki. Wanda ya samu shi ne Ramiro Esquivel, mai hawa ne shi ma, kuma ya ce shi ba ya jan rassa. Dole Ramiro ya hau, Garland ya tsaya a ƙasa, karo na farko tun yana saurayi.

Kafin ƙarfe goma ya gane abin da bai taɓa sani ba. Reshen da yake gani ɗan ƙarami daga sama, a ƙasa ya fi shi tsawo sau biyu. Kowane sai an juya shi, an kwantar, an ja da baya kafin ya wuce ƙofa. Daga gindin bishiya zuwa titi tafiya ce, kuma da gangara.

"Maigida, a ɗan ƙara sauri mana!" Ramiro ke tsokanarsa daga sama. "An ce matarka ita kaɗai take wannan, ko ƙarya ake mini?"

Garland ya ci gaba da ja yana haki. Mai gidan ya fito da kofi, ya wuce shi ko kallo babu, ya ɗaga kai yana yaba Ramiro. Da azahar tafin hannunsa ya yi bororo, bayansa ya ƙage. Ya zauna a inuwar lodarsa, a nan ne kawai ta yi masa amfani a ranar, sai ya ji kunya ta rufe shi har ya kasa cin abincin da ya zo da shi.

Da yamma ya shiga gida ya tarar da Verna tana ƙoƙarin yanka burodin masara da hannun hagu. Ya karɓi wuƙar ya yanka, ya zuba mata wake, ya zauna yana kallon tebur.

"Shekara ashirin da biyu haka kike yi?"

"Haka."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

Ta dube shi har sai da ya sunkuyar da kai.

"Na faɗa, Garland. A gaban Lonnie ma na faɗa."

Idonsa ya ciko. Ya ce, "Ni na jawo miki wannan. Ki yafe mini. In kin zaɓi shagon furanni ba zan ce komai ba, kin fi ƙarfin abin da na yi miki."

"Ni ba aikin nake ƙi ba," in ji ta. "Ina son aikin nan. So nake in na yi magana a kan ƙasa, ka san wadda ta san ƙasar ce ke magana."

Ya sayar da ƙatuwar ga wani manomi da asara, suka koma wajen Lonnie. Dattijon bai ce masa ai na faɗa maka ba, ya dai kawo wa Verna kujera. Da ya tambayi irin hannun da za a ɗaura, sai Garland ya ce, "Tambaye ta."

Ta zaɓi siririyar. Ta ce a sa mata ƙafar roba mai laushi wadda ba ta yaga ciyawa, da hannu mai juyawa don reshe ya bi ƙofa a tsaye, da ƙarfen nauyi a baya don kada gungume ya rinjaye ta. Ta sa aka ƙaro faifan katako goma sha biyu. Ta kuma hau ta gwada ta tabbatar za ta iya sarrafa ta da hannun hagu. Garland ya tsaya a gefe riƙe da jakarta.

Da bazara Verna ta koma aiki. Yanzu tana shiga bayan gidajen mutane a tsaye kan lodarta, ta fito da rabin bishiya a tafiya uku, ciyawa ko alama babu. Aikin da ke cin wuni biyu suna gama shi kafin la'asar.

Sai dai kafaɗar ba ta koma yadda take ba. Likita ta ce hannun ba zai ƙara wuce daidai kunnenta ba. Shi ya sa kullum da safe, kafin ta sa hular kwano, Garland ke tsayawa a bayanta yana ɗaure mata gashi da manyan yatsunsa. Har yau bai ƙware ba.

"Ya karkace," takan ce.

Sai ya kwance ya sake.

Darasi: Kafin ka yanke shawara a kan aiki, ka tambayi wanda nauyin ke kan kafaɗarsa, ko da kai ake yabo shi ba a ganinsa. Kuma in ka gane ka yi kuskure, ka gyara a ranar. Garland ya yi mako biyar yana kare girmansa, matarsa ce ta biya da hannunta, kuma neman gafara bai mayar mata da shi ba. Ku tura wa 'yan'uwa da abokan aiki, wataƙila akwai wanda wani ke ta yi masa magana a hankali bai saurara ba.