Ɗakin Da Aka Gina Wa Inna

Akwai wani mutum mai sayar da katako da kwanon rufi, wanda kowa ke kira Mai Katako. Shekara ashirin yana hulɗa da magina da kafintoci, har ya kai yana ganin ba abin da za a gaya masa a kan gini.

Mahaifiyarsa, wadda duk gidan ke kira Inna, ta tsufa, idonta ya mutu, ƙafa kuma ta yi nauyi. Sai ya yanke shawarar ɗauko ta ta dawo wurinsa. Gidan kuwa ɗaki uku ne, ga 'yan biyunsa mata sun girma. Ya ce zai fitar mata da ɗaki a filin bayan gida, inda hantsi ke sauka, kusa da banɗaki.

Matarsa, Maman Biyu, ita ta matsa a kira wanda ya san aiki ya duba kafin a sa diga. Ya yarda don a zauna lafiya. Aka samo wata injiniya, mace mai kimanin shekara arba'in, marar yawan magana.

Ranar da ta zo, bai bari ta zauna ba ya miƙa mata takardar da ya zana da biro.

"Ga ɗakin nan, Injiniya. Ki gyara zanen kawai, jibi magina za su fara."

Ta karɓa ba ta ko duba ba, ta ce a kai ta filin. Ta zaga shi a hankali. Lokacin rani ne, ko'ina ya bushe ƙamas, amma a tsakiyar filin akwai wani wuri zagayayye da ciyawa ta yi kore shar, ƙasar wurin kuma ta ɗan lotsa.

Ta ɗauko rodi daga motarta ta soka a gefe, ya ƙi shiga. Ta soka a cikin ciyawar, sai ya nutse har kusan hannunta, ba tare da ta sa ƙarfi ba. Da ta zaro shi, bakinsa a jiƙe yake, ga sanyi.

"Malam, kai ka gina gidan nan?"

"Saya na yi, shekara tara ke nan."

"To akwai abin da aka rufe a nan. Ban san mene ne ba tukuna. Ka ba ni sati biyu, a tona ramin gwaji, a kuma tambayi tsofaffin maƙwabta. In ba za ka iya jira ba, ga gefen gareji, ƙasar can lafiya take."

Mai Katako ya yi dariya har da tafa hannu.

"Ni fa zanen ɗaki na kira ki, ban kira ki ki yi mini duba ba. Gefen gareji? In kai uwata inda hayaƙin mota ke tashi? Ciyawa ce ta ba ki tsoro?"

"Ba ciyawar ba ce, abin da ke shayar da ita ne."

Ta ajiye masa takardarsa a kan taga, ta ce ba za ta sa hannu a wannan zanen ba, ta yi sallama ta tafi.

Jibin kuwa magina suka fara. Sun haƙa tushe a gefe-gefe, inda ƙasa ke da ƙarfi, tsakiya kuma aka zuba ƙasa aka daddaɓe, aka kwarara kankare. Cikin wata biyu ɗaki ya tashi, fari tas, an shimfiɗa tayil mai sheƙi. Aka kawo Inna, aka ajiye gadonta a tsakiyar ɗakin don iskar fanka ta riƙa samunta. Ta yi ta sa masa albarka.

Damina ta sauka. A sati na uku abubuwa suka fara.

Ƙofar ɗakin ta koma rufe kanta. Ko an buɗe ta an sa dutse, sai ka ji ta tura dutsen a hankali. Kyanwar gidan, da ba ta rabuwa da ƙafar Inna, ta daina shiga. Sai ta zo bakin ƙofa ta tsaya, ta kafa wa ƙarƙashin gadon ido.

Wata rana da rana tsaka, yara suna makaranta, gida ya yi tsit, Maman Biyu ta kai wa Inna lemo. Ɗaya ya suɓuce ya faɗi kusa da ƙofa. Tana kallo ya tsaya, sannan ya fara gangarawa shi kaɗai, ya bi tayil har ya shige ƙarƙashin gado.

"Ya tafi wurinsa ko?" in ji Inna.

"Wurin wa, Inna?"

"Na ƙasan nan. Komai ya faɗi, can yake zuwa. Jiya murfin maganina, shekaranjiya carbina. Ki yi shiru ki ji."

Maman Biyu ta yi shiru. Da farko fanka kawai take ji. Ta kashe ta. Sai ga wani sauti can ƙasa, siriri, kamar ana tsiyayar da yashi cikin tulu. Ya tsaya. Ya sake farawa. Wani sanyi ya taso ta tsakanin tayil ya taɓa mata idon sawu.

"Numfashi yake," Inna ta ce. "Tun da aka fara ruwa yake numfashi."

Da yamma ta gaya wa mijinta. Ya shiga ɗakin, ya leƙa ƙarƙashin gado, ya fito da lemon yana murmushi.

"Inna, tsufa ne ke sa ki jiye-jiye. Ke kuma maimakon ki kwantar mata da hankali, kin biye mata. Sabon gini dole ya ɗan zauna, ni za a gaya wa?"

"Ɗan nan, idona ne ya mutu," in ji Inna. "Kunnena yana nan."

Ya sa kafinta ya sassaƙe ƙofar, ya ce magana ta ƙare.

Kwana huɗu bayan haka aka wuni ana ruwa. Washegari da hantsi Maman Biyu ta kai wa Inna ruwan sha, ta ajiye kofin a ƙasa. Ruwan cikin kofin ya karkata gefe guda, yana rawa, alhali ba wanda ya motsa. Ba ta nemi izinin kowa ba, ta kira Injiniya a waya.

Injiniya ta iso kafin azahar. Ba ta shiga ba. Ta durƙusa a bakin ƙofa, ta kwantar da kunnenta a kan tayil, ta daɗe a haka. Da ta ɗago, fuskarta ta canza, amma muryarta a kwance.

"Maman Biyu, cire takalminki. Bi jikin bango, kada ki taka tsakiya. Ki miƙa wa Inna hannu daga gefe. Kada kowa ya yi sauri."

"Inna, taso mu sha iska a waje," in ji Maman Biyu.

"Ai na daɗe ina jiran a ce in taso," in ji tsohuwar.

Taku bakwai ne daga gadon zuwa ƙofa. Maman Biyu ta ce ba ta taɓa yin tafiya mai nisan wannan ba. Kowane taku sai tayil ya yi ɗan ƙara ƙas-ƙas a bayansu.

Suna zaunar da Inna a baranda sai ga Mai Katako ya dawo cin abinci. Ya ga motar Injiniya, ya ga uwarsa a waje ba mayafi, ransa ya ɓaci.

"Wa ya kira ta? A gidana za a riƙa fitar mini da uwa kamar gobara ta tashi? Ku matsa in nuna muku!"

Ya shiga ɗakin da takalminsa, ya yi taku biyu, ya ɗaga ƙafa ya buga da ƙarfi.

"Ga shi nan! Me ya faru?"

Ba abin da ya faru. Ya juyo zai yi magana, sai wani layi baƙi ya tsaga tayil daga ƙarƙashin gado, ya zo ya tsaya daidai yatsun ƙafarsa. Injiniya ta cafko rigarsa ta baya ta finciko shi waje.

Ba a ji wata babbar ƙara ba. Gadon ne ya sunkuyar da kai a hankali, matashin ya zame, sannan duk tsakiyar ɗakin ta tafi ƙasa. Suka tsaya suna saurare. Sai da aka ɗan jima kafin su ji faɗawar gadon cikin ruwa, can nesa. Iska mai sanyi da warin laka ta fito ta ƙofa ta kaɗa musu tufafi.

Mai Katako ya zauna a ƙasa.

Tsohuwar rijiya ce. Wani dattijo a maƙwabta ya ce tun yana saurayi aka daina ɗiban ruwanta, aka ɗora mata itace da kwano aka tura ƙasa a kai. Aka ce don me bai faɗa ba? Ya ce yana ganin ana sauke bulo, amma ba wanda ya tambaye shi.

Mai Katako da ƙafarsa ya je ofishin Injiniya ya ba ta haƙuri. Ba ta ƙara masa da komai ba, ta ce ya tashi su je su auna gefen gareji. Can aka yi wa Inna ɗaki, motarsa ta koma kwana a waje don kada hayaƙi ya dame ta.

Gadon kuwa ba a iya ciro shi ba. Masu aiki sun zura igiya da ƙugiya kwana biyu, suka haƙura. Aka rushe ɗakin, aka cike rijiyar da duwatsu yadda Injiniya ta tsara, gadon yana ciki, da zanin gadonsa da bargonsa. Filin ya koma wurin shanya. Har yau in Mai Katako zai wuce ta nan, sai ya zagaya ta jikin katanga.

Darasi: Kafin ka ƙara ko bulo ɗaya a gidanka, nemi wanda ya sani ya duba, ka tambayi waɗanda suka riga ka zama a wurin, kuma in an ce ka dakata, ka dakata. Kyakkyawar niyya ba ta riƙe gini idan girman kai ne ya zaɓi wurin. Ku tura wa duk wanda kuka san yana shirin gyara ko faɗaɗa gida, wataƙila ku ne za ku zama sanadin tsirar wani.