Shaidun Tabawa Mai Daddawa

An yi wani sarki a ƙasar Dutsen Marke, ana ce masa Jatau, wanda mahaifinsa ya rasu farat ɗaya bai bar wasiyya ba, har aka shekara bakwai 'yan'uwa suna shari'a da juna, domin babu wanda ya san abin da yake na sarauta da abin da yake na mamacin. Wannan al'amari ya tsaya wa sarki a rai, saboda haka ya yi niyyar naɗa amintacce guda wanda zai riƙa kula da dukiyar matattu da haƙƙin marayu. Kowa ya ɗauka Waziri Hambali za a ba, don duk ƙasar babu wanda ya kai shi sanin rabon gado. Shi ma kuwa haka ya ɗauka.

Ran nan fada ta cika, sarki ya dube shi ya ce, "Waziri, za ka zauna a soron nan kwana uku, ba ka aikawa, ba a aiko maka. Alƙali zai je gidanka ya tambayi iyalinka abin da ka mallaka, kamar dai yau aka kai ka makwancinka."

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, umurninka abin bi ne." A ransa kuwa murmushi yake, don ya san komai nasa a rubuce yake.

A rana ta uku alƙali ya dawo ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya ce takardu kam an ce suna cikin akwati, amma babu wanda ya san inda mabuɗin yake, babu kuma wanda ya taɓa jin abin da ke cikinsu. 'Ya'yan waziri sun kai shi gona, kowa da iyakar da ya nuna. Sa'an nan ya kwance wani ƙunshi, sai ga warwaro biyu na azurfa, ya ce iyalin sun sa su cikin kayan maigida.

Waziri ya gane su nan take. Warwaron nan ba nasa ba ne. Wata mata ce ta ba shi ajiya tana gab da cikawa, don 'yarta marainiya, kuma daga shi sai Allah suka sani. Da mutuwar ta gaske ce, da 'ya'yansa sun cinye haƙƙin marainiya suna ganin halal ne.

Sarki ya ce, "Na ba ka kwana bakwai ka samo mini gida ɗaya a ƙasata da zai ci wannan jarrabawa. In ba ka samo ba, ka kawo mini rawaninka."

Waziri ya bi gidajen attajirai da na malamai, ko'ina abu ɗaya ya tarar: maigida ya ƙulle komai a cikinsa, in an tambaye shi dalili ya ce gaya wa 'ya'ya irin wannan magana kiran mutuwa ne. A rana ta shida yana komowa a gajiye, sai ya hango wata tsohuwa da sanda a tsakiyar gona, mutane na bin ta daga bishiya zuwa bishiya, tana faɗa suna maimaitawa. Aka ce masa Tabawa ce mai daddawa.

Ya ce, "Sannu da aiki, Iya. Me ake yi haka?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, mutuwata nake gyarawa. Ja dokinka baya, kana tsaye a kan iyakar mutane. Ni ban iya rubutu ba, shi ya sa kowace kaka in an gama girbi nake tara su in zuba musu a kunne. Wanda ya ce kiran mutuwa ne, to shekara ashirin ke nan ina kiranta, ga ni."

Waziri ya kai ta fada. Sarki ya sa aka ajiye ta a cikin gida, ya kira ɗanta Nomau, da 'yarta Kyauta, da maƙwabcin gonarta Cindo, ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya, babu mai jin na wani. Maganarsu ta zo daidai kamar bakin mutum ɗaya. Gonar daga jerin gamba take zuwa tsohuwar rijiya. Awakinta suna rugar Jauro, kunnensu na hagu a tsage. Kayan da ke dama da ƙofar ɗakinta nata ne, na hagu ajiyar mutane ce, kowanne an faɗi mai shi. Likkafaninta yana cikin tukunya a bayan gado. Ɗorawa huɗu ce a gonar, uku nata, amma babbar nan ta tsakiya, wadda ta fi duka 'ya'ya, ta ƙanen mijinta ce da ya tafi fatauci bai dawo ba, kuma duk shekara kalwarta dabam ake tarawa a kai wa 'yarsa.

Cindo ya ƙara da cewa, "Allah ya ba ka nasara, ni da matar nan ko gaisuwa ba ma yi, har ƙarata ta taɓa kaiwa a kan akuya. Amma abin da ta faɗa haka yake."

Sarki ya sa aka fito da ita, ya ce, "Iya, don me kika zaɓi abokin gabarki ya zama shaidarki?"

Ta ce, "Allah ya ja zamaninka, ɗana zai so ya ƙara, don nasa ne. Mai ƙaunata zai ji nauyin ɗana ya yi shiru. Cindo kuwa ko ina cikin kabari ba zai bar ni in ci taki ɗaya na wani ba. Shi ya sa nake aika masa da daddawa kowace kaka don ya zo."

Cindo ya ce, "Ta bana ma ta rage."

Aka yi dariya, ban da waziri, wanda ya tsaya yana kallon tsohuwar nan da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, yana mamakin yadda ta cika abin da ya karanta shekara arba'in bai aikata ba. Ya kai hannu zai warware rawaninsa. Sarki ya ce, "Bar shi, ai ka samo gidan. Amanar marayu tana hannun Tabawa daga yau, ita za ta faɗa, kai ka rubuta, a karanta wa magada mai gida yana raye." Ya ba ta gona da sutura, ya ɗauke wa zuriyarta haraji.

Kafin la'asar waziri ya tara iyalinsa, ya aika a kira masa wanda suka fi rashin jituwa da shi a unguwa, ya buɗe akwatin a gabansu ya karanta komai, ya miƙa wa marainiyar warwaronta.

Ku sani, adalcin da mutum ya ɓoye a cikinsa tare da shi ake binne shi, wanda ya faɗa a gaban shaidu kuwa shi ke tsaya wa marayu bayan an rufe kabari.