Manomin da Bai Waiwaya Ba

Akwai wani mutum, manomi ne, yana da gona a bayan gari, rabinta tudu, rabinta kwari. Sunan matarsa Tarana. Shekara arba'in da ɗaya suna shuka gonar nan su biyu.

Ga yadda suke yi. In ruwan shuka ya sauka, shi ya ɗauki sungumi ya shige gaba, yana sara yana tafiya, kowane taki da raminsa. Ita tana bayansa da ƙoƙon iri, ta jefa a rami, ta rufe da diddige, ta bi shi. Ba ya waiwaya. Ba abin da zai sa ya waiwaya, ya san tana nan. Iri ma ba ruwansa da shi. Da kaka Tarana ce take shiga gona kafin girbi, ta zaɓi zangarniyar gero mai kyau, ta sussuke, ta gauraya da toka saboda ƙwari, ta ɗura a gora ta liƙe bakin da laka. Gero ne da ta zo da shi daga gidan ubanta, gajere, mai saurin nuna.

Mutumin nan ba ya roƙon kowa komai. In an kira gayya yakan je ya yi aikin mutum biyu. Shi kuwa bai taɓa kiran gayya a gonarsa ba.

Wani rani Tarana ta kwanta. Aka kai ta asibiti, aka duba, aka ce a koma da ita gida a kula da ita, ciwon ba na tashi ba ne. Matan unguwa suka zo da ruwan zafi da kunu, za su yi mata wanka, su zauna da ita. Mutumin ya tare su a bakin zaure.

Ya ce, "An gode. Ina nan."

Suka koma. Suka sake zuwa, ya sake faɗin haka. Shi yake dama kunu, kunun duk gudaji. Shi yake wankin zani, shi yake juya ta a kan gado. Wata huɗu yana haka, har wuyansa ya zama kamar kara.

Mutum ɗaya ce ta fi ƙarfinsa, Kyauta, ƙanwar Tarana, ita ma tsohuwa ce, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ita ba ta neman izini.

Takan ce, "Kauce min, mijin Yaya. Ciki ɗaya muka fito da ita. Kai a hanya ka tsince ta."

Wata rana Tarana ta ce masa, "Maigida, ka bar matan nan su riƙa shigowa. Ba don ka gaza ba. Hira nake marmari."

Ya ce, "Me za su faɗa miki da ban faɗa ba?"

Ta yi dariya har tari ya kama ta. Ta ce, "Kai? Yau kwana uku, abin da na ji daga bakinka shi ne sha, da juya."

Ya gyara mata matashi, ya fita. Bai bar su sun shigo ba.

Da hadari ya fara haɗowa a gabas, ƙarshen bazara, Tarana ta rasu. Aka yi jana'iza, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida domin zaman makoki. Mutumin ya kasa zama. In ya zauna sai ya ji kamar tabarmar tana cizonsa. Ya tashi ya gyara darni. Ya kwance akuya ya ɗaure ta can, ya dawo ya maido ta nan. Ya wasa fartanya, ya wasa gatari, ya koma ya sake wasa fartanyar. Masu gaisuwa su zo daga nesa, su tarar da wurinsa ba kowa, su yi wa 'ya'yansa mata biyu gaisuwa su tafi. Ran kwana na uku ya nannaɗe tabarmin da hannunsa.

Ya ce, "Kowa ya koma aikinsa. An gode."

'Ya'yan ma ya kore su zuwa gidajen mazansu. Suna kuka, yana ɗaure musu kaya.

Ran kwana na shida, da la'asar, aka yi ruwa mai yawa, ruwan shuka. Gari yana wayewa mutumin ya saɓa sungumi ya nufi gona. Ya fara daga tudu. Sara, taki, sara, taki. Ƙasa tana da laushi, tana ƙamshi. Tun ranar jana'iza bai ji ƙirjinsa ya lafa ba sai yanzu. Ya kai ƙarshen layi ya juya da na biyu, idonsa a ƙasa inda bakin sungumi zai faɗa. Ya gama tudu ya gangara kwari. Rana ta take tsaka yana sara.

Da ya kai gindin ɗorawar da take iyakar gona, ya share gumi ya ce, "Miƙo ruwan nan."

Shiru.

Sai ya waiwaya.

Ga ramuka layi layi, tun daga ƙafarsa har kan tudu, duk bakinsu a buɗe. Ba iri ko ƙwaya ɗaya. Ba sawun kowa kusa da su sai nasa.

Ya daɗe a tsaye. Sa'an nan ya jefar da sungumi ya nufi gida da sauri kamar an biyo shi. Duk manomi ya sani, laimar ruwan fari ba ta jira. Kwana biyu ce, in ta yi kirki uku. Ramin da aka bari a buɗe kuwa, rana ɗaya ta ishe shi bushewa.

Ya shiga ɗakin Tarana, wanda bai taka ba tun da aka fitar da ita. Ya duba inda gorar iri take rataye. Igiya ce kawai. Ya leƙa ƙarƙashin gado. Ya sauke tukwane, ya zazzage kwando, ya watsar da zannuwanta a ƙasa. Ya fita ya hau rumbu, ya ɗebo ɗan geron da ya rage a gindi, ya murza a tafinsa. Ya zama gari. Ƙwari sun huda shi duka.

Yana saukowa ya ga Kyauta a tsakar gida, ta riƙe ƙugu tana kallon ɓarnar.

Ta ce, "Mijin Yaya, ɓarawo ne ya shiga, ko kai ne?"

Ya ce, "Gorar iri."

"Tana gidana."

"Me ya kai ta gidanki?"

"Mai ita. Ranar da ka tafi karɓo magani ta ce in sauke in tafi da ita."

Ya miƙa hannu. "Je ki kawo."

"Ta ce kada in sa maka ita a hannu. Ta ce ranar da ka sara, in kira matan nan da ka kora, mu bi bayanka mu jefa."

Fuskarsa ta murtuke. Ya ce, "Ba wadda za ta taka inda Tarana ta taka."

"To, ramukanka su sha iska."

"Irina ne, Kyauta."

"Irin gidan ubanmu ne. Muna sussukarsa da ita tun ba ka san hanyar garinmu ba. Kuma ni ban taɓa saɓa mata tana da rai ba, ba yanzu zan fara ba." Ta juya. A bakin zaure ta tsaya ta ce, "Ka san ƙofata. Ba ta da ƙyaure."

Maƙwabta suna da iri, ko da ba irin Tarana ba ne. Amma shi ma sai an roƙa. Duk inda mutumin ya juya, roƙo ne a gabansa.

Washegari bai zauna ba ko kaɗan. Ya kama hanyar gidan Kyauta, ya kai bakin rijiya, ya juyo. Ya tafi gona, ya tura yatsa a ƙasar tudu. Laima ta yi ƙasa da gaɓa biyu. A gonakin da suke kewaye da shi mutane bibbiyu suna tafe, mai sara a gaba, mai jefawa a baya. Wani ya ɗaga masa hannu, ya yi kamar bai gani ba. Ya tafi kabari, can ma ya kasa tsayawa. Ya dawo gida ya tattara zannuwan da ya watsar, ya ninke, bai iya ninkin ba, ya warware. Ya sake kama hanyar gidan Kyauta, ya kai rijiya, ya sha ruwan da ba ya jin ƙishinsa, ya juyo.

Ran na uku da sassafe ya sake zuwa gona. Tudu ya bushe ƙayau. Ya gangara kwari, ya tona da yatsa. Akwai sauran sanyi, kaɗan.

Wannan karon ya wuce rijiya.

Ya tarar da Kyauta a ƙofar gidanta tare da mata biyu daga cikin waɗanda ya kora, kowacce da ƙoƙo a cinya, gora tana tsakiyarsu. Haka suke zama kowace safiya tun ranar da ya sara. Ya tsaya. Ya dubi sama, ya dubi ƙafarsa.

Ya ce, "Kwari bai gama bushewa ba."

Kyauta ta ce, "Labari ka kawo mana, ko me?"

Can ya ce, "Ku zo."

"Kunnena ya tsufa, mijin Yaya."

Ya ce, "Ku zo ku bi bayana. Ni kaɗai ba zan iya ba."

Kyauta ta fasa lakar bakin gora, ta zuzzuba musu, suka tashi.

A kwari ya sake sabon sara, gama ramukan farko sun lalace. Sara, taki. A bayansa ya ji sawu. Ba irin nata ba ne. Tarana takan ɗan ja ƙafar hagu in ta rufe rami, shekara arba'in da ɗaya yana jin wannan bai san yana ji ba sai yau da babu. Idonsa ya cika. Sungumi ya tsaya a hannunsa.

Kyauta ta ce, "Yi kukanka kana sara, mijin Yaya. Ƙasar ma tana son ruwan."

Ya yi ta sara yana kuka, suna binsa. Matan suka shiga hirar Tarana, yadda ta taɓa korar biri da muciya, yadda take kwaikwayon tafiyarsa in ba ya nan. Rabin abin da suka faɗa bai taɓa ji ba. Bai sa baki ba, amma ya rage sauri don kada maganar ta yi masa nisa.

Kafin azahar suka gama kwari. A gindin ɗorawa mutumin ya ajiye sungumi ya zauna. Tun ranar jana'iza wannan ne zamansa na fari da bai zabura ya tashi ba.

Ya ce, "Ta ce tana marmarin hira. Na hana."

Kyauta ta ce, "Ka hana. Ta kuma ce min ba wanda ya iya juya ta ba ta ji zafi ba sai kai. Duka biyun gaskiya ne. Karɓi ruwa ka sha."

Ya karɓa ya sha.

Ruwa na biyu bai zo ba sai bayan kwana ashirin. Abin da aka shuka a tudu a lokacin bai yi komai ba. Kwari kaɗai ya ba da gero a shekarar nan. Ya ishe shi ci da ƙyar, ya kuma ishi iri.

Ma'anar wannan misali ita ce. Gonar nan, sauran kwanakin da Allah ya bar maka ne bayan an ɗauke naka. Sungumin nan, aikin da kake ɓuya a cikinsa don kada ka zauna ka ji zafi. Za ka iya sara tun safe har yamma, mutane su ce ga jarumi. Ramuka ne kawai.

Irin kuwa ta'aziyya ce. Allah yana ba da ita, amma sau da yawa ba ya sa maka a hannu. Yakan ajiye ta a gidan wani, sai ka taka ka je. Ubangijinmu ma, sa'ad da baƙin ciki ya yi masa nauyi a daren da za a kama shi, mutum uku daga cikin almajiransa ya kira su kasance kusa da shi. Kai wane ne da za ka ce kai kaɗai ka isa?

Ku da kuke jinya a gida, na ga yadda waɗansunku suke tare ƙofa. Zumuntar matan ikilisiya su zo, ku ce an gode. Dattawa su zo, ku ce yana barci. Kuna cewa ƙauna ce. Da ƙauna a ciki, ban musa ba. Da girman kai ma a ciki. Mai ciwon da yake kwance yana da nasa marmarin, ku tambaye shi tun yana iya amsawa. Manomin nan ya sami kwari. Hirar da ya hana matarsa bai same ta ba har abada, tudu ma ya tafi.

Ku kuma da ba a yi muku rasuwa ba, kada ku ji daɗin zama. An nannaɗe tabarmi ba ya nufin an gama. Matan nan an kore su, amma safiya biyu suna zaune da ƙoƙo a cinya suna jira. Ba su yi masa wa'azi ba, ba su ce ya daina kuka ba. Bayansa suka bi. Ku je gidan gwauruwa wata guda bayan jana'iza, sa'ad da kowa ya watse. In an kore ku, ku koma.

A cikinmu akwai wanda ya binne nasa, yana ta sara shi kaɗai tun bara. Ba zan kira suna ba, ya san kansa. Ɗan'uwa, laima ba ta jira. Ka waiwaya ka ga abin da yake bayanka, sa'an nan ka wuce rijiya.